Ganda a Miyar Juma'a

Kowa ya ɗauka da gangan na yi. Har yau idan zancen ya taso a gidan suna ko gidan biki, sai wata ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke dai ba ki da dama, kin ɗura wa 'yan Misar Latin saniya ranar Juma'a don ki ga iyakar tsarkinsu." To ba haka ba ne. Ina da baki, na sani, kuma na sha gwabzawa da tsofaffin nan a kan siyasa, amma ban taɓa zama na shirya wa mahaifina kunya ba. Abin da ya faru ya fi haka wauta. Bari in faɗe shi sau ɗaya yadda yake, kowa ya huta.

A lokacin ni da Baba ne kawai a flat ɗinmu na Whalley Range, cikin irin manyan gidajen nan da aka yayyanka aka raba wa mutane. Mama nas ce, ita ta kawo mu ƙasar Turawan nan, kuma ta rasu shekara uku kafin nan. Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Duk lokacin da ka kunna rediyo, abin da za a rage ake lissafawa. An rage ranakun laburaren unguwa, an rage bas, ni ma aka rage mini kwanakin aiki a gidan kula da tsofaffi da nake zuwa a Salford, har Juma'a ta zama ranar hutuna ba don na nema ba. Daga ƙarshe council, wato ƙaramar hukumarmu, ta rufe day centre ɗin da Baba yake zuwa cin abincin rana da buga draft da sa'o'insa.

Tun daga ranar Baba ya koma bakin taga. Ya sa kwat a cikin ɗaki, ya riƙe carbi, ya zuba wa titi ido. In na dawo aiki na ce, "Baba, ka ci abinci?" sai ya ce, "Uhm." In ce, "Uhm ɗin na ci ne ko ban ci ba?" ya sake cewa, "Uhm." Ni kuwa ba ni da haƙurin uhm. Na kai shi wajen GP, likitan unguwa, aka auna komai aka ce lafiyarsa ƙalau, kaɗaici ne, ya riƙa fita. Na ce wa likitan, "Ya fita ina? Kun rufe inda yake zuwa." Ya ce ba shi ya rufe ba. Gaskiyarsa.

Rana ɗaya ce a mako Baba yake dawowa mutum, wato Lahadi da la'asar, lokacin Misar Latin. Ga wanda bai sani ba, ita ce tsohuwar Misa, wadda Fada, limamin cocin, yake fuskantar bagadi ya ba jama'a baya, mata su rufe kai, babu ganga babu tafi, sai turare da durƙuso har gwiwa ta yi tsami. Baba ya koye ta tun yana yaro a ƙauyenmu na kudancin Kaduna, wajen fadoji 'yan Ireland, kuma ko kalma ɗaya ba ta ɓace masa ba. Ni rakiya kawai nake yi saboda gwiwarsa da matakalar bas. Ban jin ko a, amma na iya tashi in an tashi.

Bayan Misa ake shan shayi a hall ɗin coci, nan Baba yake da abokai biyu. Ɗaya dogon Bature ne da ya yi ritaya daga koyar da tarihi, kullum da littafi a aljihun kwat. Ɗayan gajere ne ɗan Ireland, tsohon direban bas, dariyarsa kamar ana gangaro da durom. Ni a raina Malam da Direba nake kiransu. Akwai kuma wata tsohuwa mai baƙin mayafin leshi da take riƙe da makullin hall, wadda ko biskit ka ɗauka na biyu sai ka ji idonta a ƙeyarka. Ita kuma Uwar Makulli.

Hirarsu ɗaya ce kullum: duniya ta lalace, kuma sun san ranar da ta fara lalacewa. Malam yakan ce kafin wani sarkinsu na da mai mata shida ya rushe gidajen 'yan zuhudu, babu talakan da yake kwana da yunwa a ƙasar nan ya rasa ƙofar da zai buga, domin ciyar da mayunwaci aikin Ikilisiya ne da maƙwabta, ba aikin ofis ba. Direba ya ce daga ranar da aka fara buɗe kantuna ranar Lahadi aka gama da mutane. Baba kuma ya ce a garinmu fadoji ne suka gina makaranta da ɗakin shan magani tun gwamnati ba ta san hanyar garin ba. Babu jam'iyyar da suke so. Baba yakan ce ɓangare ɗaya ya manta da Allah, ɗayan ya manta da talaka, kuma takardar zaɓe ba ta da gurbin da zai ce wa duka biyun a'a.

Kuma Baba ya fi su duka tsauri. Akwai ranar da ya tsare Direba a gaban jama'a don ya ji ya sayi soyayyen dankali ranar Juma'a, ranar da ba a cin nama, a shagon da suke suya da kitsen shanu. Ya ce, "Ɗan'uwa, kitse daga jikin wa ya fito?" Direba ya sha kunya ya ce ba zai ƙara ba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Wata Lahadi kafin Azumin kwana arba'in da muke yi gabanin Ista suka ɗauko zancen sarki mai mata shida, ni kuma na gaji da jiran su gama mu kama bas. Na ce, "Don Allah ku bar mutumin nan ya huta a kabarinsa. Ba shi ya rufe centre ɗin Baba ba. Waɗanda muke biya haraji ne suka rufe, su ne za su buɗe."

Baba ya juyo da Hausa ya ce, "'Yar nan, gwamnati ba uwarki ba ce, ba ubanki ba ce. Gida ne farko, sannan maƙwabta, sannan coci. Sai abin ya fi ƙarfinsu ake neman ofis."

Na ce da Turanci don kowa ya ji, "To madalla. Ga hall, ga kicin, ga tukwane can suna tsatsa. Tunda ku kuka san yadda ake ciyar da talaka, ku ciyar mana mu gani."

Gatse na yi. Ban san Baba zai ajiye kofi ya miƙe ya nufi Fada ba. Kafin in gama ɗaure gyalena an gama magana: Fada ya ba su hall duk Juma'ar Azumi, gwaji, abincin rana ga duk wanda ya shigo, Katolika ko ba Katolika ba. In an yi lafiya a ci gaba, in an samu matsala a mayar wa masu koyon rawa da suke haya. Uwar Makulli ce za ta sa ido. Sharaɗi ɗaya ta gindaya, tana kallon sama kamar daga can aka turo shi: babu nama.

Sai a nan aka gano cewa duk cikin masanan nan uku babu wanda ya iya girki. Malam iyakarsa buɗe gwangwani. Direba yana dafa dankali har ya zama kunu. Baba kuwa tun da aka haife ni ban ga ya riƙe ludayi ba. Duk suka juyo suna kallona. Bakina ya jawo mini, kamar kullum.

Amma ku zo ku ga Baba. Kwat ya koma maratayi. Ya fara tashi da sassafe yana goge riga. Ya rubuta sanarwa da kyakkyawan rubutunsa na 'yan mishan ya manna a shagon wanki da tashar bas. Ya bi tsofaffin abokan draft ɗinsa gida gida. Har wani likita Bakano da yake zaune a ƙasan flat ɗinmu ya tare a matakala, suka yi ta musu a kan azumin wa ya fi wuya, washegari likitan ya hawo mana da buhun shinkafa ya ce a sa a tukunyar Baba. Uhm ya ɓace daga gidan. Sai ma na fara roƙon ya yi shiru in ji labarai.

Juma'a ta farko da ta biyu abin da coci ta tara muka dafa: dankali, wake na gwangwani, kifi na gwangwani. Mutane ƙalilan suka zo, suka ci shiru kamar a ɗakin jiran asibiti, suka yi godiya suka fita. Malam ya ce haka abincin Azumi ya kamata ya zama, mai tuna wa mutum mutuwa. Na ce, "Malam, waɗanda suke zuwa nan ba sa bukatar a tuna musu, wasiƙar council tana tuna musu kullum." Uwar Makulli kuma ta ƙirga kujerun da babu kowa da idonta ta rubuta wani abu a ɗan littafinta. Na ga Baba ya gani. Nan na yanke shawara mako mai zuwa miyar gida za a ci.

Ranar Laraba na hau doguwar bas zuwa Birmingham wajen Gwaggo, ƙanwar Baba, da take zaune a Sparkbrook. Ita ma Katolika ce, amma irin ta ganga da kacau-kacau, mai ja gaba a waƙar zumunta. Ina shiga ta ce, "Yaya Yayana da Latin ɗinsa? Har yanzu bai yarda Allah yana jin Hausa ba?"

Na ce, "Gwaggo, shi ya ce Allah yana ji, amma ganga ce take hana Shi ji da kyau."

Ta ce, "Ki gaya masa ranar da zai shiga sama da ganga za a tarbe shi, ya shirya."

Muka bi Stratford Road shago shago. Saboda ɗankwalina duk inda muka shiga sai a yi mana sallama a ce 'yar'uwa, mu amsa mu wuce, mun saba. Na sayi agushi, manja, daddawa, busasshen kifi, attarugu, alayyafo. A shagon ƙarshe na ga ganda mai kyau, fara tas, mai kauri, na ce a zuba mini da yawa. Ko tunani ban yi ba. Duk Juma'ar duniya tun ina ƙarama, a Kaduna da nan, miyar Mama kifi ne da ganda. A kaina ganda abincin Juma'a ce, kamar yadda shinkafa da kaza suke na Kirsimeti. Gwaggo ta kalli ledar, ta kalle ni, muka wuce. Daga baya ta ce ta ɗauka ta gida ce zan sa a firiza.

Ranar Juma'a tun ƙarfe takwas ina kicin ɗin coci. Ƙamshin daddawa ya bi ta taga ya fita titi ya yi mana tallan da takardun Baba ba su yi ba. Kafin sha biyu da rabi babu kujerar banza. Abokan draft sun zo, wasu matasa biyu da aka sallama daga aiki sun zo, wata uwa da 'ya'yanta uku, har masu gyaran titi da rigunansu masu walƙiya. Aka yi addu'a da Latin, kowa ya ce amin daidai fahimtarsa, aka hau ci. Hall ɗin ya cika da surutu da shan yaji. Direba ya share kwano yana share hawaye ya miƙo a ƙara. Uwar Makulli ma na ga cokalinta yana tafiya da sauri fiye da yadda ta saba.

Baba bai zauna ba sai da kowa ya samu. Ya ɗauki nasa ke nan, ya kai cokalin farko baki, sai Malam ya ɗaga wani yanki a cokali mai yatsu yana juya shi a haske, ya ce mini, "Yarinyata, wannan wane irin halittar teku ne? Na ci irinsa a bakin ruwa a Italiya, amma naku ya fi laushi."

Na fito daga kicin da ludayi a hannu, cike da alfahari, na ce da ƙarfi, "Ba na teku ba ne, Malam. Fatar saniya ce."

Teburin 'yan Latin ya daskare. Uwar Makulli ta ajiye cokali ta yi alamar gicciye. Sauran jama'a kuwa ko a jikinsu, suna ta ci. Na dubi Baba na ga ya kai tsumma baki yana fitar da abin da ya tauna a hankali.

Ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Me kika sa a miyar nan?"

Na ce, "Ganda mana, Baba. Yadda Mama take yi."

"Mamarki ba ta taɓa ba ni ganda ranar Juma'a ba."

"Haba Baba! Kullum muna ci!"

"Ku wa?"

"Mu duka!"

Ya miƙe, ya kwance atamfar aikin da ya ɗaura, ya ninke ta, ya tsaya a tsakiyar hall ya ce da Turancinsa na makarantar mishan cewa shi ne ya gayyace su, shi ne ya ciyar da 'yan'uwansa nama ranar Juma'ar Azumi, laifin nasa ne, yana neman gafara. Ɗaya daga cikin masu gyaran titi ya ce, "Babu komai, baba, a ƙaro mana." Wasu suka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar ni da tukwane da idon Uwar Makulli.

Da na koma gida na same shi a bakin taga. Da kwat.

Na ce, "Baba, kuskure ne." Ya ce, "Uhm." Na ce, "Ban sani ba ne, wallahi." Ya ce, "Uhm." Sai can ya ce, "Ni da na tsare mutum a kan kitsen suya. Da wane ido zan kalle shi?" Ya ce ba zai koma ba, su nemi wani, kuma Lahadi Misar safe ta Turanci zai je inda babu wanda ya san shi. Wannan ce ta tsorata ni. Mutumin da yake cewa Misar safe kamar taron iyayen yara ce a makaranta.

Na shiga ɗaki na kira Gwaggo ina huci. Ina gama ba ta labari ta fashe da dariya har da tari. Na ce, "Gwaggo, ba abin dariya ba ne, Yayanki ya koma cikin kwat."

Ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki tuna ƙaramar tukunyar mamarki mai shuɗin murfi?"

Na ce, "Ta miyar Baba, saboda ba ya son yaji."

Ta ce, "Wane yaji? Yayana da yake tauna attarugu ɗanye? Ranar Juma'a kaɗai take hawa murhu, ba ki lura ba? A ƙauye wa yake da kifin da zai ishi gida? Matan garinmu tun zamanin kakarki suka zauna suka yanke wa kansu hukunci cewa ganda fata ce, ba nama ba. Amma ba a gaya wa maza 'yan Latin. Mamarki takan ɗibi nasa ta ajiye gefe kafin ta zuba ganda a babbar tukunya. Kowa ya ci, kowa ya tafi sama ta hanyarsa."

Na ajiye waya. Tukunyar tana nan a kabad ɗinmu, albasa nake zubawa a ciki. Na juye albasar na kai wa Baba bakin taga na ɗora masa a cinya, na faɗa masa abin da Gwaggo ta ce, kalma kalma. Ya daɗe yana shafa murfin. Ya ce, "Duk shekarun nan?" Na ce, "Duk." Ya ce, "Kuma tana zaune gabana tana ci, ina ba ta labarin waliyai masu azumi." Na ga gefen bakinsa ya motsa. Amma da na ce to Lahadi fa, sai ya ce a'a.

Don haka Lahadi da la'asar na yafa gyalen Mama na tafi Misar Latin ni kaɗai, karo na farko a rayuwata. Wurin Baba a benci na biyu babu kowa, kuma ashe muryarsa ce take ɗauke da waƙar, domin ranar sai jan ta ake yi kamar tsohuwar mota. Bayan an tashi na shiga hall na shirya jawabina: ni na saya, ni na dafa, ku hukunta ni ku bar mahaifina. Ko baki ban buɗe ba, don na tarar da su tsundum cikin shari'ar.

Malam ya zo da littattafai har uku ya baje a kan teburin shayi. Yana bayani cewa a tarihi Ikilisiya ta sha duba al'adar wuri. Akwai wata dabba mai faffaɗar wutsiya da take gina gidanta a ruwa, wadda mutane suka riƙa cin wutsiyarta a Azumi suna cewa dangin kifi ce. Akwai kuma wani tsuntsun ruwa da aka daɗe ana ci don an ɗauka ba daga ƙwai yake fitowa ba. Saboda haka, in ji shi, a duba ko fatar nan za ta samu irin wannan rangwame.

Direba ya ce, "To ita saniyar taku, ta iya iyo?"

Na ce, "Ta Birmingham ce, ban tambaye ta ba."

Fada yana gefe yana tsoma biskit a shayi. Ya ce, "Saniya saniya ce daga ƙaho har wutsiya, a rufe littattafan nan. Amma wanda bai sani ba bai yi zunubi ba. Wanda kuma ya ƙara cokali bayan ya ji sanarwa, ya san inda zai same ni ranar Asabar, wurin furta zunubi." Direba ya hau binciken takalminsa.

Sai Uwar Makulli ta taso ta nufo ni. Na ce yau dai an gama da mu, masu koyon rawa sun karɓe hall. Ta tsaya gabana ta ce, "Ragowar miyar nan ni na tafi da ita gida." Ta ce, "Na jira har Asabar sannan na ci." Ta gyara mayafinta. "Tun da aka gina hall ɗin nan ban ga ya cika haka ba. Ina mahaifinki?" Na ce yana gida, kunya ta hana shi fitowa. Ta buɗe jaka ta ciro makullin, wanda ko Fada sai ya roƙa take ba shi, ta danƙa mini. Ta ce, "Ki ce masa shi zai buɗe ranar Juma'a. Ƙafata tana ciwo." Ƙafarta lafiya lau, da ita ta riga ni isa tashar bas.

Na san Baba, makulli kaɗai ba zai ɗaga shi ba, zai ce tausayinsa aka ji. Sai na ce wa Malam da Direba su biyo ni gida, kuma kada su bar musun. Ba su ma bukaci umarni ba. A cikin bas suna yi, a matakala suna yi, na buɗe ƙofa suna yi. Suka gaishe da Baba sama-sama kamar babu abin da ya faru, suka zauna a kujerarmu, Malam ya sake buɗe shafin dabba mai faffaɗar wutsiya. Baba yana bakin taga ya ba su baya. Na sa ruwan shayi ina leƙe.

Malam ya ce a ganinsa fata ba ta cikin abin da dokar ta nufa tun asali. Na ga ƙeyar Baba ta motsa. Malam ya ƙara da cewa wataƙila ma matan ƙauyen nan sun fi malaman Roma fahimtar dokar. Kujera ta yi ƙara.

"Ba daidai ba ne!" in ji Baba, ya juyo gaba ɗaya. "In aka fara da fata, gobe a ce ƙafa, jibi a ce wutsiya, kafin Ista an cinye saniyar ƙaf ana cewa ba a ci nama ba. Haka aka yi da Misa, kaɗan kaɗan!"

Direba ya ce, "Amma fa da daɗi, ɗan'uwa."

Baba ya ce, "Kai ka yi shiru, har ƙari ka nema, na gan ka."

"Kai kuma ka kawo."

Suka kalli juna. Direba ya fara dariyarsa ta durom, Baba ya yi ƙoƙarin riƙe fuska ya kasa. Kafin shayi ya huce kwat yana kan hannun kujera, Baba yana nuna musu tukunya mai shuɗin murfi yana ba su labarin matar da ta fi shi wayo shekara da shekaru. Na ajiye makullin kusa da kofinsa. Yana cikin magana ya ɗauka ya sa a aljihu.

Har yau ban canza ra'ayina ba. Council ce ta rufe centre, ita ya kamata ta buɗe, kuma duk takardar koke da aka kawo ƙofarmu ni ce farkon sa hannu. Baba ma bai canza nasa ba, yana cewa ga shi nan na gani da idona, maƙwabta da coci sun yi abin da ofis ya kasa. Ni kuma in ce masa rana ɗaya ce a mako, Baba, sauran shidan fa? A nan muke tsayawa kullum, don shi ma ya san ba shi da amsar da ta ishe shi, ni ma kuma ba zan iya musun cikar hall ɗin ba.

Wannan tambayar ta sauran kwanakin ce ta sa na zauna bayan baƙin sun tafi na tsara abin da zan yi. Juma'a kifi kawai, kuma kafin kowa ya ɗaga cokali zan tsaya in faɗi duk abin da yake cikin tukunya, har gishiri. Alhamis ma ba kullum nake aiki ba, don haka zan je in tsare Fada da Uwar Makulli su ba mu Alhamis, ranar da babu dokar kowa, in cika babbar tukunya da ganda. Sannan na tambayi Baba, "Fara fa? Nama ce?" Ya yi tunani sosai ya ce ai wanda ya yi wa Ubangiji baftisma ita ya riƙa ci a jeji, kuma babu wanda ya fi shi azumi. Ban bari ya ƙara kalma ba. Na ɗauki waya na ce wa Gwaggo duk wanda ta ji zai taho daga gida kafin Azumi ya ƙare, ta sa ya riƙo mini soyayyar fara mai yaji, mudu guda. Malam zan fara zuba wa.